Yayata Mai Kitso da Kwalbar Maiyama

Ana sallame sallar asuba muka bar Sabon Garin Jega, ni da yayata, a motar wani abokina mai safarar albasa. Ita tana baya ta ja ɗankwali har gira, ni ina gaba ina cika ina batsewa. Ga dalili. Yayata mai kitso ce, da shi take ciyar da marayunta uku. Tun bayan ƙaramar salla gashinta ya soma zubewa fili-fili, kowane fili kamar bakin kofin shayi. Matan unguwa suka ce ƙora ce, wai za ta shafa musu a tsinke da mataji. Matar da ta yi shekaru tana ɗora kai a cinyarta, yanzu in ta hango ƙofar gidan sai ta sake hanya.

Likita ya duba, ya ce ba ƙora ba ce, ba a ɗauka, jiki ne ke faɗa da gashinsa. Man shafawar da ya rubuta bai yi komai ba. Ya ce akwai sababbin magunguna, wasu ana kan gwada su a ƙasashen waje, wasu kuma sai hukumar magunguna ta tantance ta ba su lamba kafin su shigo. Na ce yaushe? Ya ce a yi haƙuri. Haƙuri! Shi ake zubawa a tukunya? Ni mai sanƙo ne tun ina saurayi, hula ta rufa min asiri, ban taɓa damuwa ba. Amma mai kitso, kanta ake fara kallo kafin a miƙa mata kai. Na ce ba da ni za a yi zaman jiran gawon shanu ba.

Aliero ba nisa, kuma hanci ke riga ido sanin an iso. Buhunan albasa jere a bakin titi, ’yan dako na lodi suna ihu. Muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance sai ka ce shi ma azumi ya yi, kuɗin kuwa ya yi ƙiba. Daga nan muka gangara Kashin Zama wurin wata tsohuwa da aka yi mana kwatance. Ta duba kan da kyau, ta daka albasa ta tace, ta shafa mata ruwan a kai, ta ce, “Ɗiyata, ni wanga na sani. Wani shina yi mai, wani ba ya yi. Ban yi miki alkawali ba.” Ta ƙi karɓar ko sisi. Muka fito motar na yaji, kowa na share ido, abokina ya ce ya rasa gane mai kuka da mai albasa.

A tashar Aliero ne wani ya ja ni gefe, ganin sanƙona da na cire hula ina share gumi. Wai a Maiyama akwai mai sayar da ainihin sabon maganin da Turawa ke gwadawa, an zaro shi ta bayan fage. Yayata ta ce mu tafi gida. Ni na nace, ba zan ɓoye muku ba. Muka ratsa Jega muka miƙa kudu, muna kauce wa ramuka, sau biyu muna tsayawa garken shanu ya wuce. Fura da nonon da muka sha a hanya kam ba laifi, ita kaɗai ce ba a yi mana algus a cikinta ba.

Wurin mai maganin wani ɗaki ne a bayan shago. Layi guda, yawanci maza ’yan’uwana masu hula. Mutumin ya sa farar riga irin ta asibiti, yana nuna hotuna a waya: ga kai kamar ƙwarya, ga shi ya cika da suma. Kwalba ɗaya kuɗin buhun albasa. Na juya ta, ba lambar hukuma, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa. Da na tambaya sai ya yi murmushi. “Lambar ai ita aka jira, Alhaji. Kai kana iya jira?” Ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Wallahi har na sa hannu a aljihu.

Yayata ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta kai hanci sau ɗaya. “Wanga man miƙe gashi na, anka haɗa da baƙin rini. Shekara ashirin ina aiki da su, ko cikin barci na san warinsu.” Mutumin ya hau borin kunya, ni kuma na buɗe murya, na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Sai wata mata da ke rakuɓe a gefe ta ɗaga gefen ɗankwalinta. Fatar kan ta saɓule, duk gyambo. Kwalba ta biyu ta zo saya, don ya ce mata zafin alamar magani na aiki ne. Layin nan ya watse, mai farar riga ya ja ƙofa ya sa sakata.

Yayata ta ja matar suka shiga gidan maƙwabta, muka zauna a gindin dalbejiya fiye da awa guda. Abin da ya faru a ciki a mota na ji. Ta nemi ruwan ɗumi ta wanke mata kan, ta kama sauran gashin ta yi mata kalaba sako-sako yadda ba zai taɓa ciwon ba, ta ce gobe ta tafi asibiti. Tana cikin aikin nata ɗankwalin ya zame. Matar ta ga komai, ba ta janye kai ba. Wata uku rabon da yayata ta taɓa kan wani. Da za su rabu matar ta ce, “Yaya, ran Juma’a ina kawo miki ɗiyana biyu har Jega.”

Mun iso gida gab da magariba. Har yanzu ina jin haushin masu gwaji da masu tantancewa, don su albashinsu ba ya jira, namu cikin ke jira. Amma na ga abin da ke fitowa daga kwalbar da ba wanda ya duba, na ga kuma cewa wanda jira ya gallaba shi ne kasuwar macuci, ni ne kuwa na farko a layi. Haushina mafi girma na matan unguwarmu ne, da likita ya wanke yayata amma suka ƙi dawowa.

Yau Juma’a. Tun hantsi yayata ta share tsakar gida, ta tafasa ruwa ta wanke tsinke da mataji don kowa ya gani. Ga azahar ta wuce. Duk motar da ta tsaya a bakin titi, sai ta ɗaga kai.