Gado Direba da Bukkokin Bayan Gari

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Malam Gado makwancinsa. Na ce "muka", ko da yake daga gefe na tsaya sa'ad da ake yi masa salla, don ni Kirista ne, ɗan ƙasar Maradi, shi kuwa Musulmi ne, Ba'are daga wani ƙauye arewa da Dogondutsi. Gidan haya ne ya haɗa mu a unguwar Maure, nan Yamai, muka yi shekara tara ƙofa na kallon ƙofa. Ina koyarwa a lakwal, matata Saratu tana aikin jinya a likita, shi kuma yana jan babbar motar wani Alhaji, ya kai albasa da wake bakin teku, ya komo da siminti ko gishiri ko duk abin da aka loda masa. Bai taɓa kirana da sunana ba. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal, har muka rabu.

Gado yana da wani hali da ban taɓa gani wurin wani direba ba. In aka tsayar da motoci a tashar jiragen ruwa ana jiran takardu, wani lokaci kwana biyar, abokan aikinsa sai su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota su kama shayi da karta. Shi kuwa sai ya ƙulla hira da masu dako, in sun tashi aiki ya bi su har inda suke kwana. Wasu direbobi kan komo gida da rediyo ko turmin atamfa. Tsarabar Gado labari ce, kuma kusan kullum labarin bayan gari ne.

Daga bakinsa na fara jin cewa a Ikko akwai mutanen da suka kafa ɗakunan katako bisa turaku a cikin ruwa, mai tuya tana yawo da kaskonta a kwalekwale. A Abijan ya ga ɗakuna manne a gangaren kwazazzabo, in an yi ruwan sama na sama ya zubo wa na ƙasa duk abin da ya share. A Ankara ya tarar da 'yan ƙasarmu cike da ɗaki guda, wasu na barci wasu na jiran su tashi. Ba da tausayi yake ba da waɗannan labarai ba, da mamaki yake bayarwa, kamar manomin da ya ga wata irin huɗa a gonar baƙi. So yake ya san wa ya fara kafa bukka a wurin, wa ya ba shi izini, wa ake kai wa gaisuwa don kada a rushe. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ruwa. Ya ce duk garin da ya je, mai bukka ya fi mai bene sayen ruwa da tsada, don mai bene yana da famfo a gida, mai bukka kuwa sai ya jira 'yan ga-ruwa.

Wata rana ya tambaye ni, "Mushe, ku da kuka yi karatu, a ƙasar Nasara ma akwai irin wannan?" Na ce ban zata ba. Bayan wasu watanni na karanta cewa har a gefen babban birnin Faransa an taɓa yin unguwannin gwangwani da kwali, inda leburori baƙi suke kwana. Da na gaya masa sai ya ce, "To, ashe ba zafin rana ke kawo shi ba."

Sai ga abin da yake zuwa kallo a ƙasashen mutane ya iso mu har gida. Wannan shi ne fari na biyu, na zamanin soja, wanda ya zo mutane ba su gama farfaɗowa daga na farko ba. Damina ta yanke tun gero bai yi bununi ba. Kafin a shiga bazara, mutanen karkara sun cika gefen Yamai. Can bayan Talaje, wadda ita kanta a lokacin bakin gari ce, bukkoki suka tashi kamar tururuwa ta yi gini: kara, tsofaffin buhuna, kwali, zanen mace da aka ɗaure bisa itace huɗu. Saratu da matan majami'armu sukan je can ranar Asabar da tukwanen kunu. Takan dawo ta zauna ba ta iya cin abinci, ta ce ƙyanda ta shiga cikin yara.

Gado, bisa halinsa, yana sauke kaya ya nufi wurin. Ya tafi kallo, sai ya tarar da Gwaggo Dije zaune bakin wata bukka tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ta zo da matar ɗanta da jikoki da sauran mutanen ƙauyensu, bayan shanu sun ƙare kuma maza sun bazu neman abinci. Ya yi juyin duniya ta biyo shi Maure, ta ƙi. Ta ce tare suka taso, ba za ta kwana a siminti ta bar su a ƙasa ba. Daga nan duk abin da ya samu, can yake kai shi.

Ana gab da faɗuwar damina sai umarni ya fito daga sama: kowa ya koma ƙauyensa, za a biyo su da hatsi da iri. Don in yi adalci, maganar ba ta rasa hujja ba. Cuta tana yaɗuwa, gobara tana cin bukkoki, kuma in kowa ya zauna birni wa zai yi shuka? Amma ba shawara aka yi da kowa ba. Aka tara manyan motocin 'yan kasuwa don kwasar mutane, motar Alhajin Gado tana ciki, kuma da yake an san shi ɗan wajen Dogondutsi ne, sai aka ba shi hanyar garinsu.

Da la'asar ya same ni a tsakar gida ina gyaran takardun 'yan lakwal. Ya ce, "Mushe, gobe ni zan kai su. Na bi ta can watan jiya, ko rijiya babu ruwa." Na ce masa, "Malam Gado, zamanin soja ne. In ka ƙi, wani za a ba motar, kai kuma a rufe ka. Ka kai su, hatsi zai biyo baya." Wannan ita ce shawarar da na bayar, kuma ba zan ɓoye ta ba don na tsufa. Tsoro nake ji, ina kuma da albashin da nake karewa.

Da safe sojoji suka kewaye wurin. Ba a doki kowa ba a gabansa, in ji Gado, amma kafin mota ta tashi an fara ture bukkokin. Ya buɗe wa Gwaggo Dije ƙofar gaba, ta dube shi ta ce, "Ja motarka. Ni ba ni da ɗa a gaban mota." Ta kama ƙarfe ta hau baya. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Babu wanda ya zagi soja a tafiyar nan. Gado aka yi ta kallo.

Abin da suka tarar a ƙauye haihuwar guzuma ce, ɗa kwance uwa kwance. Rumbuna wayam, wasu ɗakunan an cire musu itacen rufi an sayar. Ya sauke su ƙarƙashin wani gawo, ya juyo da mota babu kowa. Kwana biyu bai fito daga ɗaki ba.

Bayan mako uku, yana dawowa daga lodin albasa, sai ya saki kwalta ya ratsa garinsu. Hatsin bai iso ba, ruwan sama ma bai sauka ba. An binne yara biyu, ɗaya jikar Gwaggo Dije ce. Bai yi dogon bayani ba, ya kwance tamfol ya ce duk mai so ya hau. Suka hau bisa buhunan albasa. Kafin shingen jandarmomi na shiga Yamai ya tsaya ya sauke su, suka zaga ta daji da ƙafa, shi kuma ya wuce da albasarsa. Sau uku ya yi haka. A na huɗu wani ya kai rahoto. Aka tsare shi kwanaki, aka karɓe takardar tuƙinsa, Alhaji kuma ya ba wani motar. Da takardar ta dawo hannunsa bayan shekara biyu, babu mai ba shi doguwar hanya. Wata tsohuwar motar yashi ya samu, ita ya ja tsakanin bakin kogi da wuraren gini har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ya san unguwannin Lome da Kwatano kamar tafin hannunsa bai ƙara ganin teku ba.

Yau nakan zauna da waya a hannu, ina ganin abin da Gado zai ba da hularsa don ya gani. Ga unguwannin langa-langa a Indiya da jirgin ƙasa ke ratsawa ta tsakiyarsu, ga gidajen jan bulo da suka hau kan juna bisa duwatsun Barazil, ga na Nairobi, tsatsa iyakar ganinka. A rediyo kuma ana ta faɗin yawan mutanen da ke zaune a irin waɗannan wurare, lissafin da kaina ba ya riƙewa. Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Ina jin hoton ba zai ishe shi ba. Zai ce wanda ya ɗauka daga sama ya ɗauka, bai shiga ya zauna ba, bai tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yamai ɗin ma zai so ya sake zagaya ta. Talaje ta zama tsakiyar gari. Inda aka ture bukkokin nan yanzu gidajen siminti ne da butik-butik na 'yan kasuwa, kuma ban tabbata akwai mutum ɗaya a layin da ya san abin da aka yi a wurin ba. A unguwar Kwara Kano, tsakanin manyan gidaje masu dogayen katanga, za ka ga fili da mai shi bai gina ba tukuna, a ciki ga bukkar zana, ga mai gadi da iyalinsa, ga akuya ɗaure. Ran da aka kawo bulo, su kwashe su nemi wani filin. Wannan zai ba shi mamaki ƙwarai, don shi ya saba ganin talaka a bayan gari, yau ga shi a jikin katangar mai kuɗi, suna jin ƙamshin tukunyar juna. Zai kuma so ya san masu zuwa yanzu me ya koro su, tunda ba fari kaɗai ba ne: wasu ambaliya, wasu tashin hankalin da ya hana su kwana a garuruwansu. Ina jin tambayar da zai yi mini ita ce, in an ce su koma, ina za su koma? Har yau ba ni da amsar da ta fi wadda na ba shi a tsakar gida, ita kuwa ba ta yi ba.

Me ya rage na Gado? Bai bar fili ba, a ɗakin haya ya cika. Ba zan kuma ce abin da ya yi ya fitar da kowa daga talauci ba. Mutanen da ya dawo da su sun yi shekaru ana tashinsu daga wannan fili zuwa wancan, kuma da damina ta gyaru wasunsu da ƙafarsu suka koma gida. Cikin jikokin waɗanda suka zauna akwai magina, akwai mai sayar da kopto, kwaɗon ganye, a bakin kasuwa, akwai malamar lakwal guda da na koyar da ita da kaina, akwai kuma waɗanda har gobe a bukka suke. Abin da na sani shi ne, ya ga ya yi kuskure, ya koma ya gyara iyakar abin da mota ɗaya za ta iya ɗauka, ya biya da aikin da ya fi so a duniya, kuma ban taɓa jin ya yi gorin haka ba.

Ranar sadakar uku aka kawo Gwaggo Dije, ta tsufa tukuf, idonta ya tafi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata ko ni wane ne. Da yake zama da Gado ya koya mini tambaya, sai na ce, "Inna, da kun zauna can, da ya fi?"

Ta ce, "Ban sani ba, Mushe. Can na binne ɗaya, nan na binne biyu. Sauran dai ga su sun yi 'ya'ya." Sa'an nan ta laluba ta kama hannuna. "Ran da ya kai mu na ce ba ni da ɗa. Ran da ya komo ban ce masa komai ba, hawa kawai na yi. Shekara ashirin ina nufin in janye maganar nan, kullum sai in ce ai ya sani. Kai da kuka zauna tare, ya sani kuwa?"

Gado bai taɓa ɗaga mini zancen ba, ko sau ɗaya. Amma na tuna duk Juma'a, in ya sauko daga masallaci, wurinta yake fara zuwa da ƙullin goro kafin ya shiga gidansa. Na ce mata, "Ya sani, Inna." Ta saki hannuna ta gyara lulluɓinta, ta ce Allah ya ji ƙansa. Na ce amin.