Mijin Yayata Mai Kunne

Mijin yayata mai aski ne, kuma a da hannunsa ba laifi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujera mai juyawa, da madubi mai tsaga a gefe, da rediyon da ba ya hutawa. Masifar ta fara ne ranar da wani maƙwabci zai tashi daga unguwar ya bar masa tsohuwar jita.

Aka ce ya nemi mai koya masa. Ya taɓe baki. "Malami ai na marasa kunne ne. Ni abin da na ji, yatsana zai nemo shi."

Yatsan kuwa ya sha nema. Da waƙa ta tashi a rediyo sai ya ajiye almakashi, ya bar mutum da rabin aski, ya rungumi jita yana tsakurar tsirkiya kamar kaza a juji. Mai rabin aski ya ce, "Maigida, sauri fa nake." Ya ɗaga masa hannu. "Tsaya, ta kusa fitowa." A gida kuwa, Yaya ta ce sai ka rantse wutsiyar mage aka taka.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, a kwana a tashi ya iya. Ya fara gane inda murya ke hawa da inda take sauka, yana bin ta da hanci kafin ya taɓa tsirkiya, har ta kai in ya ji waƙa sau ɗaya zai fitar maka da ita tsaf. Da ma bai iya ba, da mun huta. Tun daga nan duk duniya ba wanda ya iya buɗe baki sai shi.

Yaya na wanke-wanke tana 'yar waƙarta, sai ya leƙo. "Kin zame a ƙarshe."

Ta ce, "Tukunyar nan ce za ta zame a kanka."

Mai fito a layin aski ma bai tsira ba. Unguwa ta laƙaba masa suna Kunne. Shi a zatonsa kirari ne, har ya sa aka rubuta a ƙofar shago.

Ana haka makarantar 'yarsa ta gayyace shi ya yi wa ɗalibai kiɗa ranar ba da hutu. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tashi ta ja waƙa, yara na amshi, iyaye na tafi. Can sai jita ta yi shiru. Gogan naka ya miƙa hannu ya karɓe lasifika.

"Ranki ya daɗe, ba haka take ba. Kin hau inda ake sauka."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, ni na tsara waƙar nan."

"To kin tsara ta daidai, rerawar ce ta gagare ki."

Wurin gaba ɗaya aka bushe da dariya. 'Yarsa ta kifa kai a cinya tana kuka. Maigadi ne ya raka shi bakin ƙofa, jita a hamata, yana ta yi wa maigadin bayanin inda aka yi kuskure.

Yarinyar ta daɗe ba ta yi masa magana ba. Da Yaya ta ce ya je ya ba dattijuwar haƙuri, cewa ya yi a shirye yake, in dai ita ma za ta zauna ya koya mata.