Waken da Baba Zai Binne

A kasuwar kayan lambu ba a san Baba da wani suna ba sai Mai Jan Hannu. Tun yana saurayi yake noman bitirut, jar saiwar nan mai rina tafin hannu, wadda masu otal da masu haɗa lemo ke rububinta. Da ita ya gina gida, da ita ya kai Auta jami'a. Bai taɓa sayen takin zamani ba. Wake yake fara shukawa, idan ya yi kore shar ya soma fure, sai ya sa garma ya kife shi cikin ƙasa. In ya ruɓe, ya shuka bitirut a kai. Maƙwabta kan tsokane shi wai shi kaɗai ne manomin da ke yi wa wake jana'iza.

Auta ta dawo gida da digiri babu aiki, ta tarar Baba ya fara mantuwa. Yakan kira ta da sunan ƙanwarsa, ya tayar da gida neman takalmin da ke ƙafarsa. Hannunsa ne dai bai manta garma ba.

Wata safiya ta kai masa ruwa lambu, ta iske ya kife fangali biyu na bitirut, ƙananan shuka da ko kai ba su fara ɗaurawa ba. Ta tsaya da gorar a hannu.

"Na binne waken," in ji Baba, yana share gumi. Sai ya duƙa ya tsinto wani ganye mai jan kara, ya juya shi, ya sake juyawa. "Wannan kuma wa ya shuka shi a nan?"

Yaya Babba ya sa wa ƙofar lambun kwado, ya ce sauran fangalan su ne abincin gidan. Umma ta ce wanda ya raba mutumin nan da lambu ya haƙa masa kabari. Kowa ya juyo ga Auta, tunda ita ce mai boko. Idan Yaya ya yi magana sai ta ga gaskiyarsa, Umma na buɗe baki ta ga tata.

Baba ya koma zama a tsakar gida, garma a kan cinya. Ya rage cin abinci. Duk wanda ya gifta sai ya tambaye shi ko wake ya yi fure.

Auta ta karɓi makulli wajen Yaya da ƙyar. Ta shuka wake a fangalan bakin ƙofa, wannan yau, wancan bayan an kwana biyu, don kada a rasa abin binnewa. Ta ja igiya tsakaninsu da bitirut. Ita kanta ba ta san ko dabara take yi ko wauta ba.

Da waken ya yi fure ta riƙo hannun Baba zuwa lambu. Ya yi ta kifewa yana ƙananan waƙoƙi, har ya iso igiyar. Ya ɗaga garma, ya tsaya yana kallon jeren bitirut.

"Wancan fa, yarinya?"

Auta ta ce, "Bai yi fure ba tukuna, Baba."

Ya daɗe yana dubansa, sannan ya sauke garmar.

"To, a bar shi. Gobe ma duba."