Malam Garba Mai Sanyi da Sawun Kan Ƙanƙara

Ranar da na ga Baba ya cire hular sanyinsa ya ajiye ta kusa da kofin shayi, gabana ya faɗi. Da safe ne, ranar Talata, ina soya ƙwai. Ya ce wai zafi yake ji. Na tsaya da cokali a hannu ina kallon sanƙonsa kamar baƙo ne ya shigo mana ɗaki.

Ku da kuka san Malam Garba Mai Sanyi a unguwar Gubaira ba sai na yi muku dogon bayani ba. Jar hular ulu, da jibgegiyar rigar sanyi a kan jallabiya, ko da a watan da kwalta ke laushi a Riyad ne. Haka yake zuwa masallaci, haka yake zuwa kasuwar Utaiƙa sayen tumatir. Wani mai kayan miya ya taɓa tausaya masa, ya miƙa masa ruwa yana tambayar ko zazzaɓi ne. Baba ya ce lafiyarsa lau, jiki ne ba ya son a riƙa sauya masa magana. Wuni yake yi a kan ƙanƙara, in ya fito ya tuɓe sai jikin ya rikice.

Ya ƙara wa mai kayan miyan da cewa, "Na gaya wa jikin a ƙasar sanyi muke, ya yarda. Kar ka tona mini asiri."

Ga wanda bai sani ba, a cikin wani babban mol, wato rukunin shaguna, na arewacin gari akwai filin ƙanƙara, inda ake sulɓi da takalmi mai wuƙa a ƙasa, ake kuma wasan hoki da sanduna. Baba ne mai kula da injinan da ke daskarar da ruwan, shi ne kuma mai tuƙa motar da ke goge filin bayan kowane wasa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. A nan na girma, don Umma ta rasu ina 'yar shekara shida, ba wanda za a bar wa ni a gida. Daga makaranta sai benci a gefen fili. Ina da shekara tara na fara sa takalmin, da aka kafa ƙungiyar 'yan mata kuma na shiga.

Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa sa shi ba. Silifas yake sakawa, ya zura tsohuwar safa a kansu don kar ya zame, ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Abokan aikinsa sun yi tayi har sun gaji. Ya ce shi ya yi ƙanƙarar nan da hannunsa, ya san asalinta, ruwan famfo ne, kuma mai iyali ba ya gudu a kan ruwa da wuƙa a ƙafa. Na ce to ni fa da ya bari? Ya ce, "Ke ba ki da iyali, Inna. Ni ke da ke." Inna yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Zulaiha.

Maganar tattali kuwa, kun san mutuminku. Mai sanyaya wa jama'a wuri, amma a gidansa ba a kunna na'urar sanyi sai baƙo ya zo. In na yi ƙorafi sai ya ce in matso kusa da shi, ya taho da saura a jikinsa. Duk sandar da ta karye a filin nan, a gidanmu take ƙarewa. Labulenmu a kan sandar hoki yake rataye. Ƙafar gadona da ta gutsure, ƙwallon wasan ne ya tokare ta, baƙar robar nan mai faɗi da Baba ke kira ƙonanniyar waina. Har muciya ya fere daga wata ta katako. Hajiya Rabi maƙwabciyarmu ta zo aronta ranar wani suna, ta ga rubutun Turanci a jiki, ta tambaya. Baba ya ce mata daga Turai aka zo da ita, don dukan abu mai tauri aka yi ta, saboda haka tuwon Hajiya ba zai gagare ta ba. Wata guda Hajiya ba ta amsa gaisuwarsa ba. Muciyar dai har yau ba ta dawo ba.

Amma abin da ya sa aka san shi a filin nan daban ne. Kakana mai bin sawu ne a ƙauyensu can wajen Gumel, in an sace saniya shi ake kira. Baba ya ce shi ma gadon ya ci, ƙasar ce kawai ta sauya. Don haka ba ya hawa motarsa sai ya fara zaga filin a ƙafa, hannu a baya, kai a sunkuye, yana karanta zanen da takalma suka bari. Masu jiran shiga su yi ta buga sanduna, kocinmu, wata doguwar Baturiya, ta yi ta nuna masa agogo. Ko a jikinsa. Ya ce ba ya goge wasiƙa bai karanta ba.

Dariya ake yi masa har zuwa lokacin Jumana. Yarinya ce 'yar ƙasa, shekararta sha huɗu, gudu kamar an harbo ta. Koci ta ce ba ta taɓa samun irinta ba. Uban yarinyar kullum yana tsaye a kusurwa ɗaya da waya yana ɗaukarta, har ya fara shirin tura ta waje ta yi horo. Wata rana don raha ya ɗaga murya ya tambayi Baba me ƙanƙara ta ce game da 'yarsa. Baba ya amsa da Larabcinsa da shekara talatin ba su gyara ba:

"Yasar, miya miya. Yamin, ma fi."

Wato hagu ɗari bisa ɗari, dama kuwa babu. Aka kira ni in yi tafinta, don sauran bayanin ya fi ƙarfin Larabcin. Ya ja mu cikin fili ya nuna mana. Duk inda ta juya hagu, zane ɗaya ne mai zurfi, fes. Inda ya kamata ta juya dama kuwa, ƙananan taku uku ne, kamar mai tsallake kwata. Ya ce ƙafar dama ta taɓa karyewa, ƙashin ya warke, yarinyar ce ba ta warke ba. Sai na ga uban ya sauke wayar. Ashe tana da shekara bakwai ta faɗo daga matakala. Koci ta yi wata shida tana kallonta ba ta gani ba, saboda gudun yana rufe abin.

Uban ya tambayi mafita. Baba ya ce kar a kai ta ko'ina bana, 'yan wasan can za su gane cikin mako guda su riƙa tare ta ta gefe ɗaya. A bar ta wata uku tana juya dama kaɗai, ai ba ɗawafi take yi ba. Sannan ya ƙara jan mutumin zuwa kusurwar da yake tsayawa, ya nuna masa yadda sawun ke rawa daidai nan, kowane zagaye. Ya ce in fassara masa cewa magani na biyu shi ne ya hau sama ya sha gahawa har a tashi. Na tausasa maganar iya ƙoƙarina. Baba ya ce, "Ba haka na ce ba, na ji kin sa min fadlik," wato "don Allah" da Larabci. Jumana ce kyaftin ɗinmu yanzu, uban kuma ya san duk masu sayar da gahawa a mol ɗin da suna.

Daga nan iyaye suka fara zuwa masa da dabino. Sai ya ce wannan a mayar da ita baya ta yi tsaro, tana da haƙuri, ba ta bin ƙwallo kamar kaza. Wannan a jira ta shekara biyu, ƙafafun sun riga ta girma. Wannan kuwa Allah ya yi mata albarka, a saya mata keke. Kowa ya sami rabonsa ban da ni. In na tambaya sai ya ce nawa sawun ya cakuɗe da na mutane.

Bara, da Koci ta ce za ta zaɓi waɗanda za su fara wasa a gasa, na ƙure shi. Na tsaya a gaban motar na ce ba za ta wuce ba sai ya karanta ni. Ya sauko yana gunaguni, ya yi zagayen da ya fi na kullum tsawo. Ya ce gudu ina da shi, wajen tsayawa na fi kowa, ba na tsoron bango. Ina ta washe baki. Sai ya tsuguna.

"Amma sawunki ba ya kaiwa raga, Inna. Duba nan. Kin taso, saura taku huɗu, sai kika karkata. Me ya faru?"

Na ce wata ce ta faɗi.

"Nan fa?"

Na ce nan ma haka.

"Gudu dai kina da shi. Gudun motar asibiti ne."

Ya ce in na nace, zan yi shekara goma a benci ina tafa wa wasu. Amma a ba ni yara goma masu kuka da majina, cikin wata biyu duk za su tsaya da ƙafarsu. In je in yi kwas ɗin koyarwa. Raina ya ɓaci, na ce masa yaya wanda bai taɓa sa takalmin ba zai yanke mini hukunci. Ya ce ai likitan da ya karɓi haihuwata ma namiji ne. Kwana uku ban yi masa magana ba. Shi kuwa sai ya koma aika saƙo ta firij. Ya tsaya gabansa ya ce, "Malam firij, a gaya wa Inna abinci ya sauka." Na yi rajistar kwas ɗin don a zauna lafiya, na kai rabi, na watsar.

To, ranar Talatar nan na roƙe shi mu tafi asibiti. Ya ce 'yan ƙarfe goma ba za su shiga a kan karce ba. Na bi shi. Ya zaga filin a ƙafa kamar kullum, ya hau mota ya goge tas, ya ajiye ta a mazauninta, ya sauko ya zauna a benci yana riƙe da ƙirji. Sannan ya ce mini, "To, yanzu kira motar asibitin." Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Ban gama gane cewa ya tafi ba sai wani tsoron ya zo. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin tasa take. Ranar uku ina ɗaki na ji maza a ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa a kan lokacin da ya rage mini. A nan aka haife ni. Sau biyu na taɓa zuwa Najeriya, 'yan'uwanmu na can a hoto suka fi sanina. Baffana ya bugo waya ya ce an share mini ɗaki, Allah ya saka masa, amma ni ko hanyar gidan ban sani ba. Kuma a nan kabarin Umma yake, ga na Baba yanzu.

Na haɗa jaka na ajiye a bakin ƙofa. Saƙo ya shigo waya, sai in daɗe ban buɗe ba. Na daina hawa metro, jirgin cikin gari, alhali katin iƙamata bai ƙare ba, gani nake kowa ya sani. Hajiya Rabi takan kawo abinci, ta zauna, ta tafi, gidan ya koma tsit. Ban san gidanmu yana da girma ba sai da mai surutun ya bar shi.

Bayan mako biyu na je wurin Koci. Na ce ta gaya mini gaskiya, Baba ya yi daidai a kaina? Ta ce a matsayin 'yar wasa, don tana ƙaunata take barina a jeri na uku, can baya. Mai koyar da ƙananan yara kuwa, ta yi shekara biyu tana roƙon a ɗaukar mata. Maganar ta yi mini ciwo, ta kuma ba ni wurin dafawa. Ta kai ni ofishin mudira, shugabar wurin. Mudira ta ce in na kammala kwas za su nemi a mayar da zamana ƙarƙashin kamfaninsu, amma ba ta yi alkawari ba, ba a hannunta abin yake ba. Na gama rabin da na watsar, ina karatu ina jin haushin wanda ba ya nan balle in nuna masa. Aka miƙa takardu. Kwana ashirin da shida ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ranar Laraba, ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safe, ina wanke kofi, wayar ta yi ƙara. Mudira ce.

"Halas, an gama, ya Zulaiha, an amince. Ki zo Asabar, yara sha ɗaya ne."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na zauna a ƙasan kicin, famfo yana ta zuba. Na buɗe baki na kira Baba da ƙarfi, kafin in tuna.

Ya Allah, bawanka Garba bai taɓa barin aikinsa rabi ba, bai kuma taɓa yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa shi da Umma. Ni kuma da na rage, ka riƙe ni. Amin.