Laka Har Idon Sawu

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba, aka ce ilimi kyauta ne ga ɗan kowa, aka rubuta mu makaranta a birnin Katsina. Ƙauyenmu yana kudu da gari, kuma ba wanda ya ajiye mana mota. Da ƙafa muke zuwa, mu ɗaure sandal ɗinmu da igiya mu rataya a wuya don kada hanya ta cinye su. 'Yan birni kuwa iyayensu sun samu ƙarin albashi, wannan a bayan basfa, wancan a cikin fijo, a sauke su fes kamar an ciro su daga akwati.

Ba motarsu ce ta dame ni ba, bakinsu ne. Da sun hango mu sai ka ji, "Ga ƙauyawa nan sun kwaso gona a ƙafa." Don haka muka samo dabara. Kafin a kai Ƙofar Kaura akwai wani kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini ruwa ya kwanta. Nan muke tsunduma har gwiwa, mu dirje kaushi da dutse, mu sa takalmi, mu shiga gari kamar mutanen kirki.

Ina aji uku na fara fitsarin jini. A ƙauye ba a ɗauke shi cuta ba, manyan yara ma taya ni murna suka yi wai na zama namiji. Namijin ina? Na rame, ido ya yi fari, tafiyar da nake yi ina tsalle ta koma sai na huta a gindin kuka. Babana ya ce zafin hanya ne ya dafa mini jini, tun da shi dama bai ga amfanin yaro ya yi ta sintiri saboda boko ba.

Innata ce ta kai ni asibiti. Malamin asibitin ya ce tsargiya ce, kuma ba rana ke kawo ta ba, ruwan kwance ne. Ya ce tafiyar ma ita ta riƙe ni, in daina shiga kududdufi kawai. Na sha magani na warke, amma Baba ya kafa sharaɗi. Ya ajiye wani tsohon farin kwanon sha a bayan danga, kullum da safe in yi fitsari a ciki ya duba da idonsa.

"Ranar da na ga ja," in ji shi, "ka gama boko, ka ɗauki hauya."

Wallahi ina son makarantar nan kamar raina. Ga damina ta sauka, hanya ta zama taɓo, ga kuma duba tsafta ranar Litinin, malami da tsumagiya yana bin layi. Abokan tafiyata suka gangara kududdufi kamar kullum, ni na tsaya a bakin hanya. Suka ce, "Za ka sha duka." Na ce in sha. Na shiga gari laka har idon sawu, sandal a wuya, don na ƙi ɓata su.

Malamin ya tsaya a gabana, ya dubi ƙafata, 'yan birni na ƙunshe dariya.

"Kai, daga rami ka fito?"

"Daga gida nake, Malam. Da ƙafa."

"Me ya hana ka wankewa?"

"Ruwan da ke hanya cuta ne. Bulala ta fi mini fitsarin jini."

Ya ce rashin kunya ce, ya zuba mini a hannu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban janye hannun ba. Litinin ta zagayo na sake zuwa haka. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Da wani abokina ya fara ganin ja, shi ma ya bi sahuna, sai ga mu jere a layi da ƙafafu kamar mun fito kwaɓar ƙasa. Malamin ya gaji da dukanmu, ya sa aka ajiye bokiti a bakin famfon makaranta, ya ce mu riƙa wankewa a can. Bai ce mun yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Har aka yi girbi Baba bai fasa duba kwanon ba. Wata safiya na miƙa masa, bai karɓa ba. Yana zaune da basilla yana ɗinke maɗaurin sandal ɗina da ya tsinke. Ya ciji zaren, ya rataya mini su a wuya da hannunsa.

"Zubda wannan," ya ce. "Tahi, rana ta yi."