Mai Mita da Batir Biyu

Shekara ashirin ke nan Mai Mita tana gyaran rediyo da caja a ƙarƙashin matattakalar wani bene. A teburin mahaifinta ta koya, tun tana miƙa masa dalma. Mitar awon wuta ba ta rabuwa da wuyanta, har sunanta na yanka ya ɓace. Maƙwabta suna cewa ta fi likita yawan tambaya, ita kuwa takan ce majinyatanta ba sa magana, dole ta tambayi mai su.

Wata safiya 'yar ƙaninta ta shigo. Injiniya ake kiranta, watanta biyu da samun aiki a kamfanin awon filaye, tana tuƙa jirgi mara matuƙi. Ta manta batir biyu a jone a jikin jirgin har mako uku, wutarsu ta tsiyaye, caja ta ƙi karɓarsu. Manaja ya ce ko jirgi ya tashi gobe, ko ta nemi wani aikin.

Mai Mita ta shinshina su, ta shafa, ta auna wutar kowane gida da ke cikin batir ɗin. Na farko bai kumbura ba, gidajensa huɗu sun ɗan gaza bolt uku. Ta fita da shi kan siminti, ta sa shi a tiren yashi, ta riƙa ba shi wuta kaɗan-kaɗan kamar mai shayar da majinyaci da cokali. Ko fitsari ba ta tashi ba. Tana taɓawa ko ya yi zafi, tana aunawa, har kowane gida ya kai uku, sannan ta mayar da shi kan cajarsa mai daidaita gidaje.

Na biyu kuwa cikinsa ya tashi, gida ɗaya ko bolt ɗaya bai kai ba. Ta binne shi a bokitin yashi, nesa da shago.

Da la'asar manaja ya zo da kansa. Ya ce filin da za a auna gobe ba ya awuwa da batir ɗaya a yini, ta ɗura wa kumburarren wuta da ƙarfi, ai wasu suna yi.

"Ranka ya daɗe, je wurin wasun," in ji ta. "Amma ba 'yata ce za ta rungume shi a mota ba."

Ya juya ga Injiniya, ya ce ta ɗauko shi ko ta ajiye makullin ofis. Yarinyar ta dubi gwaggonta. Mai Mita ta dai naɗe hannu.

"Ba zan ɗauka ba, yallaɓai." Ta ciro makullin ta miƙa masa.

Ya daɗe yana kallon hannun. Duk kamfanin ba wanda ya iya jirgin sai ita. Ya ja tsaki, ya tambaya kwana nawa za ta yi da batir ɗaya.

"Uku," ta ce. Bai karɓi makullin ba.