Sai-da-Hujja da Aikinsa Biyu

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, gida da waje Sai-da-Hujja ake kiransa. Tun yana yaro, in uwarsa ta hana shi fita sai ya tambayi dalili, in dalilin bai gamsar da shi ba ya taya ta neman wanda ya fi. Hali zanen dutse, da shi ya girma.

Aiki biyu yake yi. Da asuba yana kwaɓa fulawa a gidan burodi, da hantsi ya wuce wani babban sito ya hau injin ɗaga kaya. Aikin sito ke ciyar da gida, na burodi ke riƙe da 'yarsa a makarantar koyon jinya.

Wata rana manajan sito ya tara ma'aikata, ya ce yana so a hana aiki biyu. Mai iyayen gida biyu, in ji shi, ba ya riƙe amana, kuma yana tare wa matasa abinci.

Sai-da-Hujja ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ka taɓa neman buhu ka rasa a hannuna? Gidan burodi kuwa sun gaji da cigiyar mai tashin asuba, matasan ba su zo ba."

Aka yi dariya, manaja ya fara kame-kame. Da Sai-da-Hujja ya zauna a nan, da magana ta mutu. Amma shi kayar da raunanniyar hujja kunya yake ba shi, kamar kokawa da mara lafiya.

"Da ni ne kai, ba waɗannan zan kawo ba," ya ce. "Cewa zan yi, wanda barci bai ishe shi ba, kada a ba shi injin da ke ɗaga buhuna bisa kawunan mutane."

Idanu suka koma kan ƙofar ƙarfen da injinsa ya lanƙwasa kwanan baya, dab da inda mai shara yake tsaye.

"To, mece ce amsar wannan?" in ji manaja.

Sai-da-Hujja ya nema tsakaninsa da Allah, bai samu ba. "Ba ta da amsa," ya ce.

Ya ajiye aikin burodi a makon, zuciyarsa ba daɗi. Da ya gaya wa matarsa, sai ta ce, "Malam, wa ya aike ka?"

"Hujjar ce da ƙarfi."

"Na ji," ta ce, tana ci gaba da ninke fararen kayan makarantar yarinyar. "Ga ta can a ɗaki tana karatu. Je ka yi mata bayani."